Tambayi Anti: Gida ya yi shiru, daga ni sai yara

Assalamu alaikum 'yan uwa mata, da mazan da ke leƙo wannan fili a ɓoye suna cewa wai matansu suke karanta wa, to mun gan ku. Saƙonnin wannan watan da na zauna na tace sai na ga kusan rabi magana ɗaya suke yi, kaɗaicin macen da ke zaune a gida da ƙananan yara, shi ya sa na haɗa su waje ɗaya. Masu tambayar gyaran jiki da rigimar dangin miji ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba. Kamar kullum an sakaya sunaye.

TAMBAYA: Salam Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Ni haifaffiyar unguwar Nima ce a Accra, a gidan yawa na tashi, da na yi aure ma a Mamobi muka fara zama ɗaki ɗaya a gidan haya. Bara maigidana ya gama gininsa a can bayan Kasoa muka tare, Alhamdulillah gida mai kyau da katanga da get, bayi namu mu kaɗai ba bin layi. Amma Anti wallahi tunda muka dawo nan ba na jin daɗin raina, shi yana fita tun kafin biyar na asuba saboda tarafik ɗin mahaɗar Mallam ba ya dawowa sai bayan isha'i a gajiye ya ci abinci ya kwanta, daga ni sai yara biyu, babban shekara uku ƙaramar wata takwas, akwai ranar da zan wuni ban yi magana da babban mutum ba sai in mai tankar ruwa ya zo. Da na faɗa wa Mma sai ta ce butulci ne, mata nawa ke kuka suna neman ɗaki ɗaya ke an gina miki gida kina ƙorafi. Anti da gaske butulci nake yi? Me zan yi?
Daga wata 'yar uwa, Kasoa

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. A'a, ba butulci kike ba, kuma ki cire wannan daga ranki tun yanzu. Mutum yana iya gode wa Allah a kan gida kuma ya ji kewar mutane a cikin gidan, ɗaya ba ya kore ɗaya. Mma kuma kar ki ga laifinta, ita fa wataƙila tunda aka haife ta ba ta taɓa wuni ita kaɗai ba ko sau ɗaya, abin da ta sani shi ne takurar gidan yawa, shi ya sa in kika ce mata shiru ya dame ki sai ta ji kamar kin ce hutu ya dame ki.

Duk wadda ta tashi a zango ta san abin da kike kewa ko da ba ta taɓa zama ta lissafa ba. Kina wanki wata ta zo ta ɗauke miki jariri ba ki ma roƙe ta ba, gishiri ya ƙare kin tura yaro ɗakin kusa, jikin yaro ya yi zafi da dare tsohuwar gidan ta fito ta taɓa shi ta ce wannan haƙori ne ko ta ce maza a tafi asibiti, mai koko da ƙosai tana bakin ƙofa da safe kina saye kina jin wa ya haihu wa ya rasu wa za a ɗaura wa aure. Eh akwai faɗan kuɗin wuta a kan mita ɗaya, akwai layin bayi, akwai gulma da sa ido har kan abin da kika dafa, ba wanda ya ce aljanna ce. Amma dai ba ki taɓa neman abokiyar hira ba, ita ke zuwa ta same ki. To yanzu an ɗauke ki an kai ki inda ba mai zuwa sai kin nema, kuma ba wanda ya taɓa koya mana yadda ake neman, don iyayenmu ba su buƙaci hakan ba.

Kuma ba ke kaɗai ba ce. Masu gidajen haya a Accra adibas na shekara biyu suke nema alhali dokar haya ta 1963 wata shida ta yarda da shi, fili kuma a cikin gari ya fi ƙarfin talaka, shi ya sa duk wanda Allah ya hore wa ɗan abu sai ya nufi Kasoa ko Amasaman ko Pokuase ko Oyibi ya yi bulo ɗinsa a hankali. Mazan suna shigowa gari kullum suna ganin abokansu a wurin aiki da masallaci da majalisar shayi, matan ne ake bari a bayan katanga. Ina tabbatar miki a layinku ɗin nan akwai wata da ke zaune tana kallon bango irin yadda kike yi, ita ma tana zaton ita kaɗai ce.

Abin da ba zan ba ki shawara ba shi ne ki maida Nima maganin abin. Ki je ki ga Mma, zumunci ne, amma ɗaukar yara biyu a trotro daga Kasoa zuwa Kaneshie ko Circle a sake wata motar, ga kuɗin mota ga zafi ga tarafik, ba abin da za a yi kowane mako ba ne, kuma kin san mutanenmu, kika yawaita zuwa da jaka sai a fara tambayar ko lafiya da mijin. Mutanen da kike buƙata su ne waɗanda za ki iya takawa da ƙafa ki same su da goyo a bayanki.

Ki fara da ranar awo. 'Yarki wata takwas take, ga allurar wata tara na tafe, kuma dama duk wata ana kai su a auna. Mata da yawa suna zuwa awo kamar an aike su, su miƙa littafi a rataya yaro a sikeli su kama hanya. Ke ki zauna. Wadda ke kusa da ke a benci da yaro sa'an naki, in a nan take awo to ba nesa take da ke ba, ki tambaye ta watansa nawa, ya fara cin abinci, wane layi kuke. Ba abin kunya ba ne ki ce mata ni baƙuwa ce a unguwar nan ban san kowa ba, ba ni lambarki. Ki tambayi nas ɗin ma ko suna da ƙungiyar iyaye mata masu shayarwa, wasu wuraren awo suna haɗa irin wannan.

Sai makaranta. Kusan duk masallacin unguwa da ya ɗan kafu za ki samu akwai karatun mata, ko Asabar da Lahadi ko da hantsi bayan yara sun tafi sukul, in babu a naku ki tambayi matar liman, ita ce ta san kowa. Ƙungiyoyin mata musulmi irin su FOMWAG ma suna da rassa a wurare da dama, ki tambaya ko akwai kusa da ku. Kasuwar Kasoa kuma Talata da Juma'a take ci, ki riƙe mai kayan miya guda ɗaya da mai nama guda ɗaya ki riƙa saye wurinsu har su san fuskarki, sannu a hankali gaisuwa ke zama sabo.

Wani abu kuma da nake so ki ji da kyau, kar ki tsaya jiran sai Bahausa ko sai 'yar zango. Maƙwabciyarki ta katanga ƙila Fante ce ko Ewe ko Ga, ƙila coci take zuwa, to sai me? Ke 'yar Nima ce, na san kina jin Twi ko Ga ko turancin kasuwa. Ranar da kika yi waakye ko tuwo da miyar ayoyo ki zuba a kwano ki kai mata da kanki, kwano ba ya dawowa wayam. Ranar da Allah ya kiyaye wani abu ya samu yaro da rana tsaka mijinki yana can Tema ko Circle, ita ce za ta fara isowa kafin kowa daga Nima.

In kin samu mutum biyu ko uku, to ku sa rana. Wannan shi ne abin da ya fi komai a duk maganar da na yi. "Sai mun haɗu" da "zan leƙo" ba sa haɗa kowa, amma in kuka ce duk Laraba bayan azahar gidan wance, mako mai zuwa gidan wance, to ya zauna. Kuma ku yi sharaɗi tun farko ba girki, ba fitar da yayi, ba sai an gyara falo ba, ruwa da ɗan sobolo ya isa, yara su yi ta ɓarnarsu a tsakar gida ku kuna tsinke ganye ko kitso ko muraja'ar karatu. Da zarar abin ya zama na kashe kuɗi da nuna kaya, wadda ba ta da shi za ta fara kawo uzuri, daga nan ya watse.

Ko da maigida ko wani zai ce miki wai taron mata bidi'a ce ko yawo ne, ki tuna masa cikin ladabi cewa mata sun je wurin Manzon Allah (SAW) suka ce maza sun rinjaye mu a wurinka ka ware mana rana, ya kuma ware musu, yana cikin Bukhari. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ta rasu a 1864 ma abin da ta yi ke nan da 'Yan Taru, ta ga matan aure suna cikin gidaje a ƙauyuka ba sa iya zuwa, sai ta riƙa koyar da dattawan mata da ake kira jaji su koma su tara matan garinsu su karantar da su. Shi kuma maigidan in za ki yi masa maganar kar ki fara da "ba na jin daɗin gidan nan", mutumin da ya yi shekaru yana tara kuɗin siminti ba abin da zai ji sai kin raina wahalarsa. Ki ce masa kina son shiga makaranta kuma kina son sanin maƙwabta saboda yara.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ni mijina yana Italiya shekara huɗu ke nan, ina zaune a unguwar Madina ta nan Accra da yara uku. Abin da ke ɗebe min kewa wani guruf ne na WhatsApp na iyaye mata, mun fi ɗari biyu, wasu a Kumasi wasu a Jamus da Amurka, gaskiya na ƙaru da su sosai ko ƙarfe biyun dare yaro ya hana ni barci in na yi magana akwai mai amsawa. To kwanaki raina ya ɓaci na yi voice na faɗi yadda uwar mijina ke riƙe kuɗin da yake turowa, wallahi kafin kwana biyu voice ɗin ya isa wurinta har ya isa Italiya. Yanzu ya ce in fita daga guruf ɗin ko ya karɓe wayar. Anti in na fita da wa zan yi magana?
Daga Maman yara uku, Madina

AMSA: Kai, sannu 'yar uwa, wannan abu da ciwo. Ba zan zage ki ba don na san abin da ya kai ki, mace ita kaɗai da yara uku miji yana wata ƙasa, wanda ya amsa miki ƙarfe biyun dare dole ki ji kamar ɗan uwanki ne. Kuma ni ba na cikin masu cewa waya ce ta lalata mata, na ga matan da ta hanyar irin wannan guruf suka san alamar rashin ruwa a jikin yaro, suka koyi yin sabulu da turaren wuta, suka samu masu sayen kayansu, wasu ma suka samu aminan da har suna da biki ana zuwa.

Amma mutum ɗari biyu ba aminai ba ne, tsakiyar kasuwar Madina ce ranar Asabar, ba ki san wa ke tsaye a bayanki ba. Zango kuma duk girmansa ƙarami ne, wadda ke Hamburg ƙanwar matar wan mijinki ce ba ki sani ba, wadda ba ta taɓa cewa uffan a guruf ba ita ce ta fi kowa sauraro. Abin da ya shiga waya ya fita daga hannunki, ko kin goge wata ta riga ta tura. Don haka tambayar zazzaɓin yaro, farashin pampas, wace makaranta ce mai kyau, wannan na guruf ne. Maganar miji da uwar miji da kuɗi da shimfiɗa, wannan na mutum ɗaya ne ko biyu da kika san gidansu suka san naki, kuma da baki, in son samu ne ido da ido. Hoton yaranki da yunifom ɗin makarantarsu ma ki daina sawa, haka hoton jikinki ko da an ce mata ne zalla. In kuma aka taɓa samun wadda aka yaɗa hoton tsiraicinta ko ake mata barazana da shi, ta sani laifi ne a dokar tsaron intanet ta 2020, ana kiran 292 a kai ƙara wurin hukumar da ke kula da wannan.

Yanzu abin yi. Ki fara da uwar mijinki, ki samu wata babba da take jin nauyinta ta raka ki ki ba ta haƙuri a kan fitar da maganar waje, a nan kam kin yi kuskure ko da abin da kika faɗa gaskiya ne. Maganar kuɗin kuma ba ta mutu ba, magana ce tsakaninki da mijinki, in ƙura ta lafa ki roƙe shi ya riƙa turo kuɗin cefane da na makarantar yara kai tsaye a MoMo ɗinki, wato asusun kuɗinki na waya, na mahaifiyarsa daban, kowa ya huta. Guruf kuwa ni a ganina ki fita, ba don shi ya fi ki gaskiya ba, don akwai wadda ta ci amanarki a ciki kuma ba ki san ko wace ce ba. Kafin ki fita ki ɗauki lambar mutum uku ko huɗu da kika yarda da su, musamman na nan Madina da Adenta da za ku iya ganin juna, ki gaya wa mijinki su wane ne. Shi ma ya kamata wani ya gaya masa karɓe waya daga hannun macen da ke riƙe masa yara uku ita kaɗai ba gyara ba ne, da me za ta kira shi in yaro ba lafiya?

TAMBAYA: Anti na haihu wata uku da suka wuce, haihuwar fari. Lokacin wankan jego ina gidanmu a Fadama cikin mutane, da na yi arba'in na koma ɗakina sai komai ya canza. Kuka nake ba dalili, ba na iya barci ko jaririn ya yi barci, abinci ba ya min daɗi, in ƙawaye suka kira ba na ɗauka, wani lokaci in kalli yaron in ji kamar ba nawa ba sai in ji tsoron Allah ya kama ni. Da ina aiki a wani shago a Lapaz, hutun haihuwa ya ƙare na ajiye aikin don ba mai riƙe min shi. Kakata ta ce iska ce a yi min ruƙiyya. Ban faɗa wa kowa maganar yaron ba sai ke.
Daga wata amarya, Ablekuma

AMSA: 'Yata, na gode da kika faɗa, kuma ki saurare ni da kyau don naki ya bambanta da na sauran. Wannan ya wuce kewa, alamomin da kika lissafa sun yi kama da ciwon damuwa na bayan haihuwa, ciwo ne sananne kuma ana warkewa. Yawancin masu jego suna ɗan yin kuka da saurin fushi a kwanakin farko, wannan yakan wuce cikin mako biyu. In ya zarce haka, ga rashin barci ga rashin cin abinci ga gudun mutane, to sai an duba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mata 13 cikin 100 da suka haihu suna samun matsala irin wannan, a ƙasashe masu tasowa kuma abin ya kai kusan 20 cikin 100, kin ga in kuka zauna ku goma a bencin awo da wuya a rasa ɗaya ko biyu. Jin da kike yi kamar yaron ba naki ba yana cikin ciwon, ba ya nufin ke muguwar uwa ce, kuma ba raunin imani ba ne.

Ki je asibitin da kika haihu ko inda kike awo a wannan makon, kar ki jira ranar da aka rubuta miki. Ki samu midwayif ko nas ki gaya mata abin da kika rubuto min kalma da kalma, in bakinki ya yi nauyi ki nuna mata wannan shafin ki ce ni ce. Akwai 'yan tambayoyi da suke yi don su gane nauyin abin, za su iya duba jininki ma don ƙarancin jini bayan haihuwa yana ƙara kasala. Asibitocin gwamnati da yawa yanzu suna da nas na lafiyar ƙwaƙwalwa, ba sai an kai mutum asibitin ƙwaƙwalwa na Pantang ba kamar yadda mutanenmu ke tsoro, wata magana kawai za a riƙa yi da ita ta samu sauƙi, wata a haɗa mata da magani, kuma akwai magungunan da mai shayarwa ke iya sha, likita ne zai zaɓa. Ki tafi da katin inshorarki. Addu'a da karatun Alƙur'ani ki ci gaba, ba wanda ya hana, amma a haɗa da asibiti, kuma kar ki yarda a kai ki inda za a doke ki ko a yi miki hayaƙi ko a raba ki da jaririn da sunan cire iska.

Ki gaya wa mijinki ko mahaifiyarki yau, kuma in da hali ki koma Fadama na ɗan lokaci ko a turo miki wata ta zauna da ke ta riƙa karɓar yaron kina samun barci. Idan kuma, Allah ya kiyaye, kika ji tunanin cutar da kanki ko yaron, ko kika fara jin muryoyi ko ganin abin da wasu ba sa gani, wannan na gaggawa ne, a miƙa yaron ga wani a tafi asibiti a lokacin ko a kira 112.

Maganar aiki kuma, dokar ƙwadago ta 2003 mako 12 ta ba mai haihuwa, da awa ɗaya kullum na shayarwa in ta koma har yaro ya shekara, kowa ya san wata uku ba ya isa, mata da yawa haka suke ajiyewa ba don suna so ba. Ki bar wannan tukuna, in kin warke ma yi maganarsa. Ki sake rubuto min bayan kin je.

TAMBAYA: Anti mu matan layinmu mu takwas muna haɗuwa duk Lahadi, yanzu wata ta kawo shawarar mu shiga wani adashi na waya da ta gani, ana tura sidi 200 ta MoMo duk mako wai bayan wata uku a ba ka ninki biyu. Ba mu san mai riƙewa ba amma ana nuna hotunan waɗanda suka kwasa. Mu shiga?
Daga matan wani layi, Ashaiman

AMSA: Kar ku shiga. Adashi ba ya haihuwa, abin da kika zuba shi kike kwasa, duk wanda ya ce zai ninka miki a wata uku kuɗin na baya yake ba na gaba har ranar da zai kashe waya. Hoto kuwa kowa na iya ɗauka da kuɗin aro. Mun ga yadda aka yi kuka a kan kamfanin zinare na Menzgold a 2018, a 2019 kuma Bankin Ghana ya soke lasisin kamfanonin maikurofainans 347, waɗannan fa masu ofis ne da allo a bakin titi, balle wanda lambar waya kawai kuka sani.

Ku takwas ɗin nan kun isa adashi. Ku yi naku, kuɗin da mafi ƙarancin hali a cikinku za ta iya ba tare da ta taɓa kuɗin cefane ba, a rubuta a littafi, a zuba a gaban kowa ranar Lahadi a miƙa wa mai kwasa a gaban kowa, a yi ƙuri'a a kan jerin kwasa in ban da wadda haihuwa ko kuɗin makaranta ya taso mata. Uwar adashi ta zama wadda ke zaune a gidan kanta ko ta daɗe a layin. Ni dai da za ku ji tawa, kar ku bari kuɗi ya zama shi ne dalilin haɗuwar, na sha ganin mitin ɗin mata da ya yi shekaru lafiya, aka kawo adashi mai nauyi, wata ta kasa zubi sau biyu kunya ta hana ta zuwa, shi ke nan aka rasa ta. Kuma PIN ɗin MoMo ba a ba kowa, ko wanda ya kira ya ce daga kamfani yake.

TAMBAYA: Anti ni namiji ne, a yi min afuwa na shigo filin mata. Matata ba ta rasa komai ba, ci da sha da sutura har data ina sa mata, amma kullum na dawo sai ta tare ni da surutu ni kuma na gaji, in na yi shiru ta ce ba na kula ta. Yanzu wai tana son ta riƙa zuwa makarantar mata da mitin. Ni ina tsoron a ɓata min ita.
Daga wani magidanci, Sukura

AMSA: Malam sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara buɗi. Amma ka lissafa mutum nawa ka yi magana da su yau daga fitarka zuwa dawowarka, kwandastan trotro, abokan aiki, mai waakye, waɗanda kuka yi sahu ɗaya a azahar da la'asar. Ita fa tun safe da ɗan shekara biyu take magana, maganar wuni guda ce ta tara ta ajiye maka, kai kaɗai take da shi. Ka bar ta ta je makarantar, ka je da kanka ka ga malamar da wurin in hankalinka bai kwanta ba, ka san matan da take mitin da su da mazajensu. Za ka ga surutun daren ya ragu don ta rage shi a wani wuri. In ka shigo kuma ka ce mata ta ba ka minti ashirin ka yi wanka ka ci abinci, bayan nan ka ajiye wayarka ka saurare ta ko na kwata ne. Ranar Lahadi ɗaya a wata ka riƙe yaran daga azahar zuwa magariba ta je Sabon Zongo ko duk inda 'yan uwanta suke ita kaɗai ba goyo, pampas ɗin yana cikin jaka, za ta nuna maka yadda ake sawa.